Kundin Aiki: Ma'aunin Haidirojin Feroksaid Daga Ɓawon Waken Soya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Abin da muka sa a gaba a wannan aiki shi ne haɗa ma'aunin lantarki mai araha wanda zai gane haidirojin feroksaid, wato H2O2, ya kuma faɗi yawansa a cikin ruwa ko madara, ba tare da mun dogara ga tataccen enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, da ake yin odarsa daga ƙasashen waje ba. Sinadarin ba baƙo ba ne, domin shi ne ruwan nan da ake saya a kemis a zuba a kan rauni ya yi kumfa, kuma tun shekarar 1818 Bafaranshen nan Louis Jacques Thénard ya fara haɗa shi. Masana'antun da ke zuba madara da lemo a kwali suna kashe ƙwayoyin cutar jikin kwalin da shi, shi ya sa dokar abinci ta Amurka ta ƙayyade cewa abin da zai saura bayan an cika kwalin kada ya wuce rabin miligiram a kowace lita. Tun da nauyin mol ɗaya na H2O2 giram 34 ne (mol shi ne ma'aunin da ake ƙidaya yawan sinadari da shi, maikromola kuwa kashi ɗaya cikin miliyan na mol a kowace lita), wannan adadi ya kama kusan maikromola 15. Shi muka ɗauka a matsayin mizani, duk ma'aunin da ya kasa nuna maikromola 15 a fili kuwa bai kai inda muke so ba.

Hanya mafi sauƙi ta auna shi da lantarki ita ce a tsoma wayar filatinam a cikin ruwan, a ɗora mata ƙarfin da ya kai bolt 0.6 zuwa 0.7 bisa elektrod ɗin azurfa, wato sandar da ake tsomawa a ruwan a kwatanta ƙarfin da ita, sai H2O2 ya saki ilektiron ɗinsa a karanta kwararar. Aibin wannan hanya shi ne a irin wannan ƙarfi bitamin C da sinadarin yurik da farasitamol duk sukan saki nasu, mai awo kuma ba shi da yadda zai bambance na wane ne ya karanta. Enzayim ɗin da ake kira feroksidas shi ke raba wannan gardama. A tsakiyarsa akwai ƙwayar ƙarfe guda a cikin zobe irin wanda ke cikin jan jini. Idan H2O2 ya iske shi yakan ƙwace masa ilektiron biyu ya koma ruwa, enzayim ɗin kuma ba zai sake aiki ba sai an mayar masa da abin da aka ƙwace. A nan ake sa wani ƙaramin sinadari ya zama ɗan aike. Mu haidirokwinon muka zaɓa, wanda yake ba enzayim ɗin ilektiron biyu ya rikiɗe ya zama benzokwinon, sannan ya je fuskar elektrod ya karɓo wasu ya dawo yadda yake. Wannan karɓowar ita muke karantawa, kuma tana faruwa ne a kusa da bolt 0.15 ƙasa da sifiri, inda yawancin masu katsalandan ba sa motsi.

Tunanin ba namu ba ne. Ralph Adams na Jami'ar Kansas ya fito da elektrod na kwaɓin garin girafait a 1958, Leland Clark da Champ Lyons suka kawo shawarar ɗora enzayim a kan elektrod a 1962, sannan a 1985 Sidwell da Rechnitz suka ɗaura ɗan yankin ayaba a bakin elektrod mai auna iskar oksijin suka auna dofamin da shi. A 1988 Joseph Wang da Meng Shan Lin suka haɗa hanyoyin biyu ta hanyar cuɗa tsokar tsiron a cikin kwaɓin kansa. Tambayarmu ta fi tasu ƙanƙanta, amma ta fi kusa da buƙatarmu: a cikin abin da ake samu a kasuwannin Kano, wanne ne zai iya maye gurbin feroksidas ɗin da ake tacewa daga saiwar wani tsiro da ake kira hosradish, wanda sai da dala ake sayensa, sai kuma da firji mai wuta dare da rana ake ajiye shi?

Laraba, 22 ga Janairu

An kammala tantancewar farko da gwayakol. Sinadari ne da ba shi da launi a ruwa, amma idan feroksidas da H2O2 suka haɗu da shi yakan koma ja mai duhu, kuma na'urar auna launi tana kama shi a nanomita 470. Mun gwada dankalin Hausa, dankalin Turawa, kabewa, kabeji da ɓawon waken soya, kowanne an niƙa shi a ruwan fosfet mai pH 7.

Dukansu sun ba da launi, amma launin ba shi kaɗai muke dubawa ba. Dankalin Turawa ya cika bututun gwaji da kumfa da zarar H2O2 ya taɓa shi, alamar katalas ke nan, wani enzayim da ke farfasa H2O2 ya mayar da shi ruwa da oksijin ba tare da ya bar wa elektrod komai ba. Duk abin da katalas ya cinye ya fita daga lissafi, don haka muka ajiye dankalin Turawa gefe. Dankalin Hausa ya ba da launi mai kyau, sai dai tun kafin a ɗiga masa komai ya fara duhu da kansa saboda folifenol-oksidas, enzayim ɗin da ke sa yankakken dankali ya yi baƙi idan ya sha iska. Kabewa da kabeji sun yi rauni. Ɓawon waken soya kuwa kafin a ɗaga bututun daga mazauninsa ya riga ya yi ja, kuma kumfarsa ba ta taka kara ta karya ba. Za mu ci gaba da shi da dankalin Hausa, domin a samu abin kwatance.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yadda ake raba ɓawon da ƙwayar yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Masu yin awara sukan jiƙa waken na sa'o'i, idan an murza shi ɓawon ya taso saman ruwa a tsiyaye shi, kuma da farko nan ne wurin da ya fi sauƙin samunsa kyauta. Amma feroksidas ɗin ɓawon yana narkewa a ruwa, kuma da muka ɗiga gwayakol da H2O2 a ruwan jiƙon sai ya yi ja fiye da ɓawon da aka tsamo daga cikinsa. Saboda haka muka koma ga busasshiyar hanya: a ɓarza waken sama-sama, a sheƙe a faifai, a tsince gutsattsarin ƙwayar da hannu, sannan a daka ɓawon a ɗan turmin ɗakin gwaji a tankaɗe da rariya mai ƙananan idanu. Iskar hunturu ta taimaka, domin ɓawon ya bushe ƙarau yana dakuwa ba wahala.

Kwaɓin farko mun yi shi ne da kashi 70 na garin girafait, kashi 10 na garin ɓawo da kashi 20 na man farafin, duk bisa nauyi. Ana fara cuɗa garin biyu a bushe har sai an daina ganin ɗigon fari a cikin baƙin, sannan a zuba man kaɗan-kaɗan ana murzawa. Kwaɓin da ya yi daidai yakan dunƙule kamar fura, ba ya wargajewa idan an matsa shi, ba ya kuma barin maiƙo a yatsa. Idan man ya yi yawa lantarki ba ya ratsawa sosai, idan ya yi kaɗan kuma ruwa ya shiga ya kumbura garin, fuskar elektrod ta fara zubewa a cikin kofin awo. Mun yanke bakin sirinjin insulin muka danna kwaɓin a ciki, muka soka wayar jan ƙarfe ta baya, sannan muka goga fuskar a kan farar takarda mai santsi har ta yi sheƙi. Malamin da ke kula da kayan ɗakin gwajin ya duba ya ce, “Malam, ka bar shi ya kwana kafin ka tsoma shi, mai bai gama shiga gari ba tukuna.” Gaskiyarsa, domin wanda ya kwana ya fi wanda aka tsoma nan take natsuwa nesa ba kusa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi awon farko. A cikin kofi akwai ruwan fosfet da milimola ɗaya na haidirokwinon, elektrod uku a tsome, maburgin maganaɗisu yana juyawa a hankali, fotenshiyostat kuma, wato na'urar da ke riƙe ƙarfin lantarki tana karanta kwarara, ya tsayar da ƙarfi a bolt 0.15 ƙasa da sifiri. Bayan layin da ke kan allon kwamfuta ya kwanta, duk lokacin da aka ɗiga H2O2 sai ya yi tsalle cikin 'yan daƙiƙoƙi ya hau sabon mataki. Elektrod ɗin da aka kwaɓa ba tare da ɓawo ba, da wanda aka sa masa ɓawon da aka dafa ya daɗe a wuta, ba su nuna wani abin kirki ba, wannan ne kuma ya tabbatar mana cewa enzayim ɗin ne ke aikin. Na dankalin Hausa ma ya amsa, amma matakansa gajeru ne, kuma ɗanyen dankalin yana shigo da ruwa cikin kwaɓin har ya hana shi kamawa yadda ya kamata.

Haidirokwinon, wanda shi ne dai sinadarin da ake samu a wasu mayukan bilicin, ba ya jure iska da haske idan yana cikin ruwa. Yakan fara yin ƙasa-ƙasa da kansa, don haka kullum da safe ake haɗa sabo a kwalba mai duhu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kafin a yarda da kowane adadi da ma'aunin zai bayar, dole a san ainihin ƙarfin H2O2 da ake ɗiga masa. Kwalbar da aka rubuta wa kashi 30 cikin ɗari ya kamata ta kama kusan mola 9.8, amma sinadarin yana lalacewa a hankali, zafi da haske da ɗan ɓurɓushin ƙarfe kuma suna hanzarta lalacewar. Mun auna tamu da famanganet a cikin ruwa mai asid ɗin salfa, inda mol biyu na famanganet ke cinye mol biyar na H2O2, wato kowace mililita ta famanganet mai mola 0.02 tana daidai da miligiram 1.70. Ana ɗigawa ne har ruwan ya riƙe launin hoda mai haske ya ƙi washewa. Shi kansa famanganet ɗin sai da muka tabbatar da ƙarfinsa da sodiyam oksalet. Daga yau za a riƙa maimaita wannan awo duk mako, a kuma duba shi da na'urar auna launi a nanomita 240.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Matsala ta farko mai nauyi ta bayyana. A awo mai tsawo matakan ba sa kwanciya sosai, layin yakan ci gaba da rarrafawa sama bayan kowace ɗigawa, idan kuma aka wanke elektrod ɗin aka mayar da shi sabon ruwa sai a ga amsarsa ta ragu. Abin da aka gani a ruwan jiƙon awara shi ya nuna inda za a duba. Mun tsoma elektrod a ruwan fosfet zalla na rabin sa'a, muka cire shi, muka ɗiga gwayakol da H2O2 a ruwan, sai ga launi ya fito. Ke nan enzayim ɗin yana tsiyayowa daga kwaɓin. Wanda ya tsere yana ci gaba da aiki a tsakiyar kofi yana tara benzokwinon, shi ya sa layin ke rarrafawa, fuskar elektrod kuma tana ƙara talaucewa.

Hanyoyi biyu muka gwada. Ta farko ita ce a jiƙa garin ɓawon a gulutaraldihaid mai rauni, wanda ke ɗaure furotin da juna, a wanke a shanya kafin a kwaɓa. Ya rage tsiyayar, amma ya tafi da wani ɓangare na ƙarfin enzayim ɗin, ga shi kuma tururinsa yana cutar da ido da huhu, abin da bai dace da ma'aunin da ake fatan a riƙa haɗa shi a ƙananan ɗakunan gwaji ba. Ta biyu ita ce a rufe fuskar da siririyar fatar dayalisis, a ɗaure ta da zoben roba. Ƙofofin fatar suna tare duk abin da nauyinsa ya haura dalton dubu 12 zuwa 14, dalton kuwa shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari. Feroksidas ɗin waken soya yana kusa da dubu 40, don haka ba shi da mafita, alhali H2O2 mai 34 da haidirokwinon mai 110 suna wucewa ba tare da wahala ba.

Fatar ta yi aiki: matakan sun kwanta, ruwan da aka jiƙa elektrod a ciki kuma ya daina ba da launi. Sai dai amsar ta yi jinkiri, kuma mun rasa babbar fa'idar kwaɓin girafait, wato damar a turo ɗan kwaɓi a goge a samu sabuwar fuska cikin minti ɗaya. Yanzu duk sabuntawa sai an kwance fatar an sake ɗaurawa, kuma idan ƙwayar iska ta maƙale a ƙarƙashinta awon ranar ya lalace. A ganina jinkirin ya fi sauƙin ɗauka a kan layin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka da fatar za mu ci gaba.

Laraba, 12 ga Maris

Garin ɓawon farko ya ƙare, aka sayo sabon wake, aka bi duk matakan da aka saba, amma elektrod ɗin da aka haɗa da shi da ƙyar yake motsi. An sake kwaɓi, an sake haidirokwinon, an canza fata, duk ba ta sauya zani ba. Da aka koma ga gwayakol sai aka ga garin kansa ne ba shi da ƙarfi.

Masu nazarin iri sun daɗe da sanin dalili. A 1968 Buttery da Buzzell, masu bincike a Kanada, sun nuna cewa ire-iren waken soya sun kasu gida biyu dangane da feroksidas ɗin ɓawonsu, masu yawa da masu kaɗan ƙwarai, sannan a 1969 suka nuna cewa ƙwayar gado guda ɗaya da aka sa wa suna Ep ita ke yanke hukunci. Bambancin yana da girma har ɗakunan tantance iri suna amfani da shi wajen gane ko an garwaya wani iri da wani. Gwajin nasu ba shi da wuya: a ɓare ɓawon ƙwaya ɗaya a jefa a bututu, a zuba ɗigo goma na gwayakol mai kashi 0.5 cikin ɗari, a jira minti goma, a ƙara ɗigo ɗaya na H2O2 mai kashi 0.1, sannan a duba ko ya yi ja cikin minti guda. Da muka bi sabon waken ƙwaya-ƙwaya ta wannan hanya, mafi yawansu ba su ba da launi ba, 'yan kaɗan ne suka yi ja, wato buhun garwaye ne.

Na koma Dawanau na tambayi wani dattijo mai sayar da waken ko zai iya gane irin da ya sayar mana a watan Janairu. Ya ce, “Malam, mu a nan ba ma tambayar sunan iri. Abin da muke dubawa shi ne bushewa da tsabta da girman ƙwaya, kaya kuwa daga Binuwai yake zuwa, daga Kaduna yake zuwa, wani lokaci a buhu ɗaya ake haɗa su.” Na ce, “Alhaji, to a ba ni ɗan kaɗan daga kowane buhu in gwada kafin in saya.” Ya yi mamaki amma ya yarda, kuma a cikin samfuran da na kawo an samu buhun da kusan duk ƙwayoyinsa suka yi ja. Daga shi muka sayi abin da zai ishe mu har ƙarshen aikin.

Wannan ita ce tsadar da ke ɓoye a cikin arahar tsokar tsiro. Mai sayen tataccen enzayim yana biyan kuɗin takardar da ta faɗa masa ƙarfin abin da ke cikin kwalba, mu kuwa dole mu samar wa kanmu wannan tabbaci a kan kowane buhu. Saboda haka gwajin gwayakol ya shiga cikin ƙa'idar aikin a matsayin matakin farko, kuma kowane gari da aka daka za a rubuta masa lamba da ƙarfinsa a jikin kwalba.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun ƙaramar Sallah, wanda muka yi amfani da shi wajen gwada ajiya. Kwaɓin dankalin Hausa da aka bari a firji ya yi tsami ya fara funfuna, domin wutar ba ta tsaya ba. Garin ɓawon da aka bari a kan shiryayye cikin rufaffiyar kwalba mai ƙullin silika ya amsa gwayakol kamar ranar da aka daka shi. Da wannan muka rufe babin dankali.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zafin bazara ya shigo cikin lissafi. Feroksidas ɗin waken soya an san shi da jure zafi fiye da na hosradish, dalilin da ya sa Adam Heller da abokan aikinsa a Jami'ar Texas suka gina ma'aunin H2O2 mai jure zafi da shi a 1995, kuma mu ma ba mu ga alamar zafin ɗakin yana kashe shi ba. Amma jurewa daban, rashin canzawa daban. Enzayim yana ƙara sauri idan ruwa ya ɗumama, sinadarai ma suna ƙara saurin ratsa fatar, don haka layin daidaitawa, wato zanen da ke nuna kwararar da kowane sanannen adadin H2O2 ke bayarwa, idan aka zana shi da hantsi ba ya aiki bayan azahar, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40. Yanzu kofin awon yana zaune ne a cikin babban kwano mai ruwa da ma'aunin zafi a ciki, ana riƙe shi a digiri 30, kuma ana zana sabon layi a farkon kowane zama.

Mun kuma gano iyakar ma'aunin ta sama. Muddin H2O2 yana cikin maikromola goma-goma zuwa ɗaruruwa, kwararar tana tafiya daidai da yawansa. Idan aka doshi milimola layin yakan fara lanƙwasa domin enzayim ɗin ya ƙoshi, idan aka zarce sosai kuma H2O2 ɗin da kansa yake illata zoben ƙarfen, elektrod ɗin ba ya komawa yadda yake ko an wanke shi. Wannan ya shafi gwajin kwalaben kemis kai tsaye, domin mai kashi 3 cikin ɗari tana kusa da mola 0.88, mai kashi 6 kuma ninkinta, don haka sai an sirka su sau dubbai kafin su kusanci elektrod. Kuskuren da ke cikin sirkawar zai iya fin na ma'aunin kansa, shi ya sa ake yin ta hawa biyu da kwalaben awo masu alama.

Sakamakon ya faranta mana rai. A sababbin kwalabe, abin da ma'aunin ya bayar da abin da famanganet ya bayar sun yi kusa da juna, sun kuma yi kusa da abin da aka rubuta. Wata tsohuwar kwalba da aka daɗe da buɗewa aka bar ta kusa da taga ta nuna ƙasa da rubutunta sosai, kuma hanyoyin biyu sun yi ittifaƙi a kan haka.

Talata, 6 ga Mayu

Madara ta fi duk abin da muka gwada wuya, kuma wahalar ba daga elektrod take ba. Fatar dayalisis ta tare kitse da furotin ɗin da muke tsoron za su toshe fuskar, musamman da yake ana sirka madarar da ruwan fosfet kafin awo. Abin da ya rikita lissafi shi ne ɗanyar madara tana da nata enzayim, laktoferoksidas, da kuma ɗan katalas. Idan aka zuba mata H2O2 da gangan aka jira, abin da ake samu yana raguwa da tafiyar lokaci, har ya ɓace idan kaɗan ne. Bayan haka laktoferoksidas ɗin yana iya amfani da haidirokwinon ɗinmu, don mun ga elektrod marar ɓawo yana ba da 'yar amsa a ɗanyar madara, abin da ba ya yi a wadda aka tafasa, tun da zafin da ya kai digiri 80 yana kashe wannan enzayim. A tafasasshiyar madara abin da muka zuba shi muke samu, ko kusa da shi, idan aka bi hanyar ƙara sanannen adadi a cikin samfurin kansa maimakon dogara ga layin da aka zana a ruwa zalla.

Akwai abin da ya kamata a rubuta a nan tun kafin wani ya ɗauki ma'aunin ya nufi kasuwa. Samun H2O2 a madara ba hujja ba ce ta algus, rashin samunsa kuma ba ya wanke kowa. Hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya ta amince tun 1991 da wata hanya ta adana ɗanyar madara a inda babu sanyi, inda ake zuba miligiram 14 na sodiyam tayosayanet da miligiram 30 na sodiyam fakabonet a kowace lita domin a zaburar da laktoferoksidas ɗin madarar, abin da ke sa ta kai sa'a bakwai zuwa takwas a digiri 30 ba ta lalace ba. H2O2 ɗin da fakabonet ke saki bai kai miligiram 10 a lita ba, kuma madarar takan cinye shi da wuri. Wannan ya sha bamban da a kwarara sinadarin da yawa domin a ɓoye madarar da ta fara juyawa. A nono da kindirmo kuma wasu daga ƙwayoyin da ke kawo tsamin suna samar da ɗan H2O2 da kansu. Duk wanda ya ga allura ta motsa a kan ƙwaryar nono ya ce an yi algus, ya zalunci mai tallan. Inda nake ganin ma'aunin zai yi amfani na gaskiya shi ne wuraren tattara madara, a auna ta da zarar ta iso, da kuma ruwan ɗaurayar kwantena da bututun da aka wanke da H2O2.

Bitamin C ma bai ƙyale mu gaba ɗaya ba. Ba ya ba da kwarara a ƙarfin da muke aiki, amma yana tare benzokwinon a hanya ya mayar da shi haidirokwinon kafin ya isa elektrod, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya. A madara abin bai yi tsanani ba, a ruwan lemo kuwa ya isa ya ɓata sakamako, don haka mun cire lemo daga jerin abin da za a gwada a wannan zango.

Talata, 20 ga Mayu

Mizanin maikromola 15 bai samu ba tukuna yadda muke so. Ana ganin matakin, amma bai yi nisa da rawar da layin ke yi da kansa ba, kuma ƙa'idar ita ce a ninka wannan rawar sau uku a raba da gangaren layin daidaitawa kafin a ce ga mafi ƙarancin abin da ma'auni ke iya gani. Rawar tana da tushe biyu da muka tabbatar. Ɗaya maburgin ne, wanda saurinsa ke canzawa idan wuta ta yi sama ko ƙasa. Ɗayan kuma yana bayyana ne duk lokacin da aka tayar da janareto, domin kwararar da muke karantawa ba ta wuce 'yan maikro-amfiya ba, wayoyin kuma suna kwaso duk wani motsin lantarki da ke ɗakin. Mun saka kofin da wayoyinsa a cikin akwatin kwano da aka haɗa da wayar ƙasa, muka mayar da fotenshiyostat da kwamfuta kan batir, rawar ta ragu a fili. An ba mai gyaran rediyo maburgin ya mayar da shi mai aiki da batir shi ma.

Gwajin ƙara yawan ɓawo a kwaɓi ya nuna cewa daga kashi 10 zuwa 15 amsar tana ƙaruwa, amma a kashi 20 garin yana shan ruwa ya kumbura a ƙarƙashin fatar, rawar layin kuma ta ƙaru fiye da ribar da aka samu. An tsayar da kashi 15, girafait 65, mai 20.

An rubuta takardar neman tsabar ire-iren waken soya masu suna, irin jerin TGx da cibiyar binciken noma ta IITA ta fitar, domin a bi su ɗaya bayan ɗaya da gwayakol a san waɗanda ke ɗauke da Ep, ta yadda wanda zai maimaita aikin zai nemi iri da sunansa. Damina kuma tana ƙaratowa, garin da ya jure bushewar hunturu da zafin bazara bai gamu da laima ba tukuna. An raba shi kwalba biyu, ɗaya da silika ɗaya babu, kuma za a riƙa auna ƙarfin kowacce duk ranar Litinin daga makon gobe har ƙarshen Agusta.